Teku a Kakuri

Inna ta rasu ta bar mini murjani
ƙwaya bakwai, a ƙullin tsumma cikin adudu.
Shekara da shekaru ina zaton dutse ne,
sai jikata Asabe ta nuna mini a waya:
wai murjani rai gare shi, yana ci, yana girma,
har fushi yana yi.

Daren nan ban runtsa ba.

Ni da na yi shekara ashirin da uku a masaƙa
ina auna rini da cokali da sikeli,
har ranar da aka ɗana wa ƙofa kwaɗo
aka ce mu je gida, za a neme mu,
na ce hannun da ya iya haɗa shuɗi
ba zai kasa haɗa teku ba.

Gilashin na Fanteka ne.
Barau ya yanka mini shi gida biyar,
yana tambaya, "Baba, tarwaɗa za a zuba?"
Na ce a'a, dutse zan kiwata.
Ya dube ni, ya rage mini ɗari biyar,
irin ragin da ake yi wa wanda ake tausayi.

Gishirin ba na miya ba ne.
Daga Legas ya zo, na karɓo shi a tashar Mando,
Ladidi ta ji kuɗinsa ta ajiye muciya,
ba ta ce komai ba,
kuma shirun nan ya fi magana tsada.
Ruwan rijiyarmu na tace, na sake tacewa,
na auna, na ɗanɗana, na tofar.

Sati shida akwatin ba kowa,
ruwa kawai yana bin bayan kansa
ƙarƙashin shuɗiyar fitila.
Maƙwabta suka leƙa, suka ce Allah ya ƙara sauƙi.

Sannan baƙon ya iso a cikin leda,
reshe ɗaya, bai kai ɗan yatsa ba,
ruwan ƙasa, ba ja irin na Inna ba.
Na manna shi a dutse da bismillah.
Kwana uku ya ƙi buɗe ido.
Ran na huɗu, bayan isha,
ya miƙo 'yan gashinsa yana lalube
kamar jariri mai neman nono.

Sai bazara ta zo da halinta.
Aka ɗauke wuta kwana uku,
batir ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya mutu,
fanfo ya yi shiru, ruwa ya kwanta,
ya fara ɗumi kamar na wankan jego.
Na ɗauko ludayi.
Tun da teku ba ya tsayawa,
ni ne igiyar ruwa a daren nan,
ina ɗiba ina zubawa, ina ɗiba ina zubawa,
har kafaɗa ta daina zama tawa.
Wajen asalatu na ji motsi a bayana:
Ladidi ce, da ƙanƙarar zoɓon da za ta sayar,
ta ɗaure ta a leda ta saka a ruwa,
ta ce, "Kawo ludayin, je ka yi alwala."

Rabinsa ya yi fari, furfura irin tawa.
Rabin ya tsaya.

Yau da safe na ga tsiro a gefensa,
ƙwayar gero ta fi shi girma.
Na kira Asabe, ta ce ba ta gani ba,
na ce ki sunkuyo, ta nan, ta gefen haske.

Kogin Kaduna na wucewa ƙarƙashin gada,
an ce ƙarshen tafiyarsa teku ne.
Ni ban taɓa zuwa ba, ƙafa ma ta fara ƙi.
Na dai kwance ƙullin Inna,
na jera bakwai ɗin a kan murfin gilashi
ko za su gane ɗan'uwansu.