Kuɗin Gudanarwa

Ran Laraba takardar ta same ni a shagona na Jega,
ina tsakar kafa hannun riga.
Tambarin ƙaramar hukuma a sama, shuɗi, ya ɗan karkace,
a ƙasa sunan maigidana:
Nomau Tela, gidan gajiyayyu, ɗaki na shida.

Abinci, na yarda.
Maganin hawan jini, na yarda.
Sabulu da kananzir, ban ce uffan ba.
Ladan Hajo mai juya shi cikin dare
don kada kwanciya ta ci masa baya,
ko ninkawa aka yi zan biya, in ƙara da godiya.

Sai layi na bakwai:
kuɗin gudanarwa, dubu tara.
Na takwas: buɗe fayil, dubu biyu da ɗari biyar.
Fayil ɗin da aka buɗe bara da kaka,
a gabana, da birona!
Wata goma sha ɗaya ke nan ana buɗe shi.
Ƙofar wane gari ce wannan?

Na lulluɓe keke, na hau kabu-kabu.

Sakatariya. Dogon benci, fanka mai fiffike biyu,
akawu Gado na ɓarar gyaɗa bisa takardun wani.
"Mi kaka so?"
Na ce a nuna mini gudanarwa.
Tana da ƙafa? Ta san hanyar ɗaki na shida?
Ta taɓa tallafe kan tsoho ta ba shi kunu?
Ya ce, "Tsari ne."
Na ce na wa?
Ya ce, "Daga sama."
Na ɗaga kai. Silin ne kawai, da shacin yoyon damina.

Ku gane, ni tela ne.
In mutum ya kawo yadi biyar, riga ta ci huɗu,
sai in naɗe ɗayan in mayar masa.
Nomau ya koya mini haka
da gindin almakashi a bayan hannu.
Bai haife ni ba, bai haifi kowa ba,
zare ne tsakaninmu,
kuma ban ga ranar tsinka shi ba.
Ba biyan nake gudu ba,
so nake in san abin da na saya.

Sawu huɗu na yi.
Shugaba ta tafi Birnin Kebbi.
Shugaba ta dawo, tana taro.
An tashi taro, ma'aji ne ba ya nan.
A na biyar na zo da rasit goma sha ɗaya,
na ɗinke gefensu da baƙin zare kamar littafi,
na ajiye gaban Malama Tumba ta sashen walwala.
Ta gyara tabarau, ta bi su da yatsa,
ta daɗe ba ta ce komai ba.
Can ta ɗauki jan biro ta soke buɗe fayil.
"Wanga kuskure ne. Za a rage maka a gaba."
Gudanarwa fa?
"Sai kansiloli sun zauna. Rubuto koke."

Takardar koke, ɗari biyar.
Na biya, na karɓi rasit.
Zan ɗinke shi da 'yan'uwansa.

Bayan la'asar na biya ɗaki na shida.
Yana zaune bakin gado, ƙafa ɗaya babu takalmi.
Bai shaida ni ba,
ya kira ni Ɗan'azumi, yaron da ya bar shago tun ban zo ba.
Aljihun rigarsa ya ɓalle, yana reto,
dubu tara ba ta gan shi ba.

Na zaro allura daga hulata, na durƙusa.
Ina cikin ɗinki ya kama wuyan hannuna,
ya kawo ido kusa, ya daɗe yana dubawa.
"Warware," ya ce.
"Ka yi tazara. Kuɗin mutane ne."

Na warware.