Zaren Daren Talata

A Kaneshi, bayan tashar mota, nake kwana da injin zare,
bana shekara goma sha uku.
Tsakin roba ke zuwa a buhu, fari kamar shinkafa,
ba mai suna, ba mai hali.
Halin a hannunmu yake.

Gariba, da ya koya mini, ya ce: Isaka, idonka a kan agogon zafi.
Wuta ta gaza, narkon ya fito da gudaji kamar kokon ragguwa;
ta zarce, ya yi rawaya,
ka taɓa shi ya karye kamar tsinken tsintsiya.

Ta faranti mai huda ɗari yake tsiyayowa,
siriri, da sheƙi, kamar yauƙin kuɓewa.
Iska ta busa, cikinsa ya daskare a hargitse,
kowa inda ƙafarsa ta tsaya,
kamar kasuwar Nima da la'asar.
Sai gargare ya kama shi ya ja, ya ja, ninki huɗu,
har 'yan cikin su miƙe su yi sahu,
kafaɗa da kafaɗa.
Ƙarfin zare sahun nan ne, ido kuwa ba ya ganinsa.
Ja ya wuce kima, ya tsinke a fuskarka.

Daren Talata aka ɗauke wuta.
Janareta ya tashi yana tari,
gargaren gaba ya rage gudu, ban lura ba,
ina bakin ƙofa ina fifita shayi.
Dunƙule arba'in suka fita, sumul, ba aibu,
amma ja bai ratsa su ba.

Bayan wata biyu Ata Okai ya zo daga bakin teku
da guntun koma a leda, tana warin gishiri.
Bai yi faɗa ba.
Ya kama zaren da yatsu ya ja,
ya miƙe kamar cingam, bai koma ba.
Ya ce kifi ya shigo, kifi ya fita,
mutum tara suka dawo da kwalekwale wayam.

Tun ran nan, dunƙule ba ya barin hannuna
sai na naɗa bakinsa a yatsa na ja har ya nutse.
Maimakon ya miƙe, gara ni in ji zafi.
Matata takan tambayi tabon in muna cin tuwo.
Nakan ce mata, aiki ne,
in sauya hannu in ɗauki moɗa.