Ko Sisi

Ɗaki na sha huɗu, gidan kula da tsofaffi, Halifax.
Ƙarfe uku na dare, ruwa na ƙwanƙwasa taga
kamar mai bin bashin da ya ƙi gajiya.
Wilfred Sugden bai runtsa ba.
Shekara tamanin da tara. Sunan 'yarsa ya tsere masa tun bara,
jiya cokali ya bi sahu,
yau ya dubi takalminsa ya rasa me zai kira shi.
Kalmomi na sauka daga kansa ɗaya bayan ɗaya
kamar fasinjoji in an doshi tashar ƙarshe.

Na zo gyara masa filo
sai wani tsohon gwangwanin taba ya faɗo,
tsabar kuɗi suka watse, kowa ya kama gabansa.
Na durƙusa ina tsinta, ina mita da Hausa:
"Ga aikin dare, ga ciwon baya,
wata bai raba ba, ni ba ko sisi."

Ya ɗago kai.
Ya maimaita a hankali, da nasa harshen,
sai na ji kalmata ce, amma da jelarta
wadda kakanninmu suka datse don ta zauna a baki.
Kwabo shida ke nan, in ji shi,
ya nuna wani fari, siriri, bai fi farcen babban yatsa ba.

Ashe sisi ɗan ƙasar nan ne.

Muka baje su a kan bargo.
Mai kusurwa goma sha biyu, kwabo uku:
na ce taro, ya yi dariya har da tari.
Na ɗaga sule, na ce wannan mun raɗa masa sunan mutane,
har akwai takwaransa mai facin keke a layinmu.
Shi kuwa kwabo, a bakinsu jan ƙarfe ne kawai,
sunan jikinsa muka ɗauka muka mai da shi na yanka.

Na ce, wace sana'a ka yi?
Ya laluba, ya laluba, hannunsa na taɓa ƙugu
inda jakar fata ta saba rataya.
Na ce, kwandasta?
Idonsa ya kawo ruwa. Ni na miƙa masa ita,
kalmarsa, da ta je Funtuwa ta sha rana ta dawo.

Kakata Tabawa mai daddawa
ta ƙulle waɗannan sunaye a haɓar zane shekara arba'in.
Ko teku ba ta taɓa gani ba.
Da ka ce mata taro baƙo ne
da ta ce kai ne baƙon.

Na tambayi Kirsty, abokiyar aikina, a wurin shan shayi,
ta ɗaga kafaɗa: ta dai taɓa ji a bakin kakarta.
A nan an yi musu ritaya tun ba a haife ta ba.
Mu ma can ba sa sayen ko ƙwayar ashana,
amma da su muke auna babu.
Kuɗin ya kwanta dama, sunan ya ƙi bin gawa.

Wajen ƙarfe huɗu ya kama hannuna.
Ina za ki sauka?
Na ce Funtuwa.
Ya yi lissafi da leɓe, ya danna mini sisin a tafi,
wai canjina ne, in riƙe ƙarfe da kyau, akwai kwana a gaba.

Doka ta hana karɓar kyautar mazauna gida.
Da ya yi barci na mai da shi gwangwani.
A littafin rahoto na rubuta:
ya sha ruwa rabin kofi, ya yi magana.
Babu layin da za a sa sauran.

Da safe bai gane ni ba.
Na fita, bas ta zo, na kara kati a na'ura,
ta yi ƙara ɗaya, ba kwandasta, ba canji,
shatin sisin bai gama barin tafina ba.