Musu a Jirgin Fito

Daga Luksor muka ratsa Nilu,
Damyana da littafi a cinya,
ta ce marubucin ya cuci sarauniya:
shekara ashirin tana riƙe da Masar,
shi ko soyayya kaɗai ya gani.

Ustaz Shahata ya gyara tabarau:
"Da bai sa mata zuciya ba,
ai da dutse muka karanta."

"Ita ta ɗaura gemun aro,
shi ya liƙa mata hawayen aro!"

Ni mai fito ne, ban iya karatu ba.
Na dai san bangon da aka kankare sunanta,
kakana ya yi gadinsa;
gurbin ya fi rubutun jan ido.

Na ɗaure igiya, suka sauka,
musu ya cinye kuɗin fitona.