Ranar Ɗaukar Hoto

Shekara tara ina buɗe wannan ƙofa a Filato.
Na san motoci da kukansu tun ba su karyo kwana ba,
na san wadda ke sauke yaro ɗaya da kwanon abinci uku,
na san direban da ke gaishe ni
da wanda odarsa ce sallamarsa.

Barira kuwa da ƙafa take zuwa daga Bukoki,
tana bin bayana, tana taka inuwata.
Kujera goma lakwal ta ware wa marasa halin biya.
Ɗiyata ce ta bakwai.
Na san lissafin, ni na ɗauko kujerun daga sito.

Ran Talata aka ce za a ɗauki hoto,
wanda za a kafa a bakin titi, faɗinsa ya yi bangon ɗaki.
Madam Fajimata ta fito da takarda,
tana kira kamar mai haɗa kayan miya:
"A kawo Gaishita, farinta zai haska tsakiya.
Ina Lompo? Ina Bafillacen nan na aji huɗu?
Ɗan mutumin Sin ya matso. Zalika, yi dariya.
Cikin ƴan goman nan, a ba ni biyu masu tsabta."

Masu tsabta.
Na duƙa ina gyaran kwaɗon ƙofa,
kwaɗon kuwa lafiyarsa lau.

An sa Barira a sahun gaba.
Mai hoto ya dubi silifanta, wanda na ɗinke da waya,
ya dubi Madam.
Aka jawo tukunyar fure
aka ajiye daidai ƙafafunta.

Ba ni butulci.
Yarinyar nan ita ke karanta mini takardar likita,
ita ta gano mai kanti ya ƙara mana dala ashirin.
Amma ranar da aka tafi Kure kallon raƙuman dawa,
jika goma kowane kai,
mota biyu ta fita, ni na buɗe, ni na rufe,
ƴan goma suka wuni a aji
suna zana dabbar da dogon wuya daga littafi.

Akwai abin da mai hoto bai tsaya ya gani ba.
Bayan famfo, lokacin shan iska,
Zalika na ba da burodi mai cakulan
a musanya mata da dambun zogalen gidanmu.
Gaishita na koya musu zagi da Buzanci,
suna rama mata da Zabarmanci,
Lompo na alƙalanci, ba mai jin hukuncinsa.
In wasa ya yi zafi kowa ya tuɓe takalmi,
a tara su wuri guda gindin dogonyaro,
na jika talatin da na waya, baki da baki.
Ba wanda ya jera su.
Ba wanda ya ce su yi dariya.

Yanzu hoton na nan a mararraba,
an rubuta a samansa: makarantar kowa.
Kullum da safe muna bi ta ƙarƙashinsa.
Jiya ta ja mini riga:
"Baba, ga ni can."
Na ce na gan ki.
Ta daɗe tana kallo, har na kusa makara.
"To, ina ƙafafuna?"