Babu Maɓallin Komawa Baya

Ƙanena Sahabi ya aiko ta daga Abijan
a hannun wani direban tirela,
naɗe cikin safa, safar cikin gwangwanin madara.
Na kwance ta a rumfata.
Fara sol, da sanyi kamar randar asuba,
a bayanta ga tuffa da wani ya riga ni gatsa.
Na goge hannu a riga kafin in taɓa,
na aje ta bisa buhun aya.

Shekara shida ina tare da Androyid.
Gilashinta ya tsage tun ranar da kabu-kabu
ya zubar da ni a kwanar Ali Ɗan Sofo,
amma ta san hannuna.
Ko cikin dare, ko an ɗauke wuta,
babban yatsana ba ya tambaya.

Na kai su biyun wurin Ɗan Jimma mai gyara,
ƙarƙashin laima, bakin babbar kasuwa.
Ya ce, "Ayifon ce, Lawali.
Wagga ba ta shan ruwa kowace rijiya.
Cajarka ba ta shiga, memori ba shi da ƙofa,
kuma sai ka raɗa mata suna da lambar sirri."
Na ce ni da na raɗa wa ƴaƴa bakwai suna,
yau waya ce za ta ba ni wuya?

Jaka biyu ya karɓa, aka shiga kwasa.
Lambobi suka ƙetare, ɗari huɗu da ƴan kai,
da na waɗanda nake bi bashi
da na masu bi na, su kam ko ɗaya bai ɓace ba.
Hotuna suka biyo a jere
kamar shanu sun samu gulbi ya janye.
Na ce ashe ƙaura ba komai ba ce
in ba ka ɗauki gado a ka ba ka bi hanya.

Da dare a fada, shayi na biyu na kan wuta,
Illiya ya ce in turo masa kokawar jiya.
Na nema, ya nema.
Wayarsa na ganin ta kowa, ban da tawa.
Tawa ta zauna cikinmu ba ta gaida kowa,
ni ke jin kunya.

Sai kwana na uku na lura.
Saƙonnin Inna ba su zo ba.
Daga Tibiri take aiko su, da wayar jikarta,
kafin daminar da ta tafi da ita.
Ɗan Jimma ya juya, ya latsa, ya girgiza kai:
"Waɗannan sun maƙale can ciki."
Na sa yatsa ƙasa, gefen da na saba,
inda ƴar kibiyar nan take zama.
Gilashi ne kawai, sumul.
Babu maɓallin komawa baya.

Sahabi ya kira: "Yaya, ka saba da ita?"
Na ce na saba.
Allah ya yafe mini wannan ƙarya.

Ran Juma'a, bayan an sauko,
na ciro tsohuwar daga akwatin ƙarfe,
na ba ta wuta har ta buɗe ido.
Na kara bakinta a kunnen sabuwar,
yadda aka saba ba da magana tun kakanni,
na ce wa yara su yi shiru.

"Lawali, ka ci abinci?
In za ka taho, ka riƙo mini man zafi."
Daƙiƙa goma sha tara.
A bayanta zakara na cara,
wanda muka yanka da ƙaramar salla.

Sabuwar ta ɗauka duka:
muryar, zakaran, kukan babur a waje,
da wani numfashi mai nauyi
da ban san nawa ba ne sai da na saurara.
Na tura wa Sahabi haka nan, ban goge ba.
Alama biyu suka yi shuɗi.
Har aka kira la'asar
bai rubuto ko kalma ɗaya.