Tabon Fatar Washi

A tudun Barón, cikin Valparaíso,
inda gidaje ke hawa kafaɗar juna don su hango teku,
nan shagon kakana Eleodoro yake:
kujera ɗaya, madubi mai ɗigon tsatsa,
da ƙugiya a jikin bango
tana riƙe da doguwar fata.

Fatar doki ce, ta girmi uwata.
Shekara hamsin da biyu aska na safa da marwa a bayanta,
gado a gaba, kaifi na bin sawu,
shap, shap, kamar numfashin mai barci.
Ya sha faɗa mini: "Maite, a kan gadonta ake juya aska.
Mai juyawa a kan kaifi
shi ke yi wa fata ɓarna, ya ce tsautsayi ne ya same ta."

Ranar Talata, ina sharar gashi,
na ji sautin ya yi tuntuɓe.
Sau ɗaya tak.
Bai waiwayo ba. Ya yi tari, ya zagi hazon teku,
ya ce wa masuncin da ke kujera ya dawo jibi,
sannan ya ɗauki tawul
ya rataya a ƙugiya, ya lulluɓe ta.

Da dare na sauko da fitila.
Yankan bai fi farcen jariri ba,
leɓe ɗaya a ɗage, kamar zai yi magana ya fasa.
Can sama kuma wasu ƙanana uku, sun riga sun yi duhu.
Ashe hannun ya daɗe da fara rawa,
ni ce ban karanta ba, ga shi a rubuce jikinta.

Na ɗaga leɓen da bakin allura,
na hure ƙura,
na lakato gam da tsinken sakace,
abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba.
Na jira ya sha iska.
Na danna da babban yatsa har farcena ya yi fari,
na ɗora littafin bashin shago,
na ɗora dutsen guga a kansa.
Jirage na ta gunji a tashar ruwa,
ni da fatar muka kwana, babu wadda ta huta.

Da asuba sai dutsen kaushi.
A hankali, gefe guda,
yadda ake shafa kan mara lafiya.
Gari ya zubo ja kamar kirfa,
ƙananan ukun suka lafa.
Mai, ɗigo biyu; na uku ƙauna ce mai kisa.
Na murza da tudun hannu har ya ɗau zafi,
na mirgina kwalba sama da ƙasa
sai da ta kwanta.

Ya shigo da warin taba da burodi a hammata.
Ya janye tawul.
Ya rufe ido, ya bi ta da yatsa tun daga ƙugiya,
ya wuce, ya dawo,
ya tsaya daidai wurin.
Ido na iya ruɗuwa, yatsan mai aski ba ya ɓata.

Na ce, "Ni na yanka ta jiya."
Ya yi dariya ta hanci.
"Ƙaryarki dakusasshiya ce, ba ta aske ko gashin jariri."
Ya dubi hannunsa na dama, tsawon lokaci,
kamar tsohon aboki da ya zo sallama.

Sai ya cire hula, ya hau kujerar
da bai taɓa zama a kai ba,
ya miƙo mini askar ta ƙota,
ya ɗaga haɓa, maƙogwaro a fili.

Na ja fatar ta miƙe.
Shap.
Na juya a kan gado.
Shap.
Duk wucewa akwai ɗan tudu da nake ji a wuyan hannu,
kuma ban so ya ɓata.